Yadda Ake Tsara Hanyar Shiga Ramin Bututun Ƙazanta da Ba a Cika Buɗewa Ba

A Zariya yawancin gidaje ba su haɗe da wani babban bututun ƙazanta na gari, kowane gida da shaddarsa ko sokawensa, daga cikin birni har Tudun Wada da Sabon Gari da Samaru. Amma duk inda gine-gine suka taru a hannun mai su ɗaya, kamar makarantun kwana da asibitoci da barikoki da otal-otal da sababbin rukunin gidajen haya, za a tarar an haɗa banɗakuna da bututu ta ƙarƙashin ƙasa, kuma a kowace kwana ko mahaɗa an gina rami mai murfi, wanda masu aikin famfo ke kira cemba idan ƙarami ne, ko manhol idan ya kai girman da mutum zai shiga. Irin wannan rami yakan yi shekara biyar ko goma ba wanda ya ɗaga murfinsa. Ranar da za a buɗe shi kuwa ita ce ranar da bututu ya toshe, ruwa ya fara dawowa banɗaki, hankalin mai gida ya tashi, aka kira leburori biyu ko uku cikin gaggawa, ba su da kayan aiki sai bokiti da shebur da tocila. Wannan ranar ce ya kamata injiniya da magini su sa a gabansu tun suna kan zane.

Ma'aunin da nake ba kowa shawara ya riƙe guda ɗaya ne. Kada a auna hanyar shiga da lafiyayyen saurayi mai sauka da ƙafarsa ya hau da ƙafarsa. A auna ta da mutumin da ya suma a ƙasan ramin, jikinsa ya saki, a tambayi kai ko waɗanda ke sama za su iya fito da shi ba tare da wani ya bi shi ciki ba. Faɗin baki da wurin tsani da irin murfi da filin da aka bari a kewaye duk daga amsar wannan tambaya suke fitowa.

Abin da ke taruwa a ƙarƙashin murfi

Ƙazantar da ta kwanta a wurin da iska ba ta shiga tana ruɓewa ta fitar da iska iri-iri, kuma zafin watannin Maris da Afrilu yana ƙara wa ruɓewar sauri. Mafi haɗari a cikinsu ita ce haidurojin salfaid, mai warin baragurbi. Hanci yana jin ta tun ba ta kai kashi 1 cikin miliyan ba, sai dai idan ta kai kashi 100 zuwa 150 cikin miliyan tana kashe jijiyar jin wari, har mutum ya ɗauka warin ya wuce alhali ƙaruwa ya yi. A kashi 700 zuwa 1,000 cikin miliyan, shaƙa ɗaya ko biyu ta isa ta kayar da ƙato. Ta fi iskar da muke shaƙa nauyi, saboda haka a ƙasa take kwanciya, daidai inda mai aiki zai sunkuya, kuma wani kaso nata yana ɓoye a cikin taɓon da ya daskare, ba ya fitowa sai an soka masa shebur.

Sai iskar metan, wadda ba ta da wari, tana taruwa a sama kusa da murfi, kuma tana kamawa da wuta idan ta kai kashi 5 zuwa 15 cikin 100 na iskar ramin. Sai ƙarancin iskar oksijin ita kanta: a waje kashi 20.9 ce cikin 100, kuma ƙa'idar aiki ta ɗauki duk abin da ya gaza 19.5 a matsayin wurin da ba a shiga. Masu haƙar rijiya a nan suna da tsohuwar dabarar zura fitila a igiya, idan ta mutu su san iskar ƙasa ba ta da kyau. Kada a kawo wannan dabara ramin ƙazanta, domin harshen wuta ba ya nuna haidurojin salfaid ko kaɗan, kuma idan metan ta taru fitilar ce za ta tayar da ramin. Haka ma al'adar zuba kananzir don kashe wari da kyankyasai, neman gira ce da ke iya jawo asarar ido, tunda tururinsa yana zama a rufaffen wuri.

Dalilin da ya sa na dage kan fito da mutum daga sama shi ne yadda irin wannan haɗari ke cin mutane a jere. Na farko ya faɗi, ɗan'uwansa ya ga haka ya diro don ya cece shi, shi ma ya faɗi, na uku ya biyo. Hukumar NIOSH ta Amurka, mai bincike kan lafiyar ma'aikata a wurin aiki, a gargaɗin da ta fitar a 1986, ta ce fiye da kashi 60 cikin 100 na waɗanda ke mutuwa a irin waɗannan rufaffun wurare masu ƙoƙarin ceto ne. Ba wanda zai iya hana mutum tausayin abokin aikinsa da magana kawai a wannan lokaci, sai dai idan an tanadar masa hanyar da zai taimaka yana tsaye a sama.

Fara da tambayar ko sai an shiga

Dokar Birtaniya ta 1997 kan aiki a rufaffun wurare ta fara ne da cewa kada a shiga idan akwai hanyar yin aikin daga waje, kuma wannan tsari ya dace da mu fiye da su, tunda kayan ceto sun fi wuyar samu a nan. Yawancin abin da ke kai mutum cikin rami toshewa ce, ita kuwa ana iya buɗe ta daga sama da sandunan zura bututu masu haɗuwa da juna ko da mesar ruwa mai ƙarfi, muddin an gina ramin yadda kan sandar zai sami bakin bututu ba tare da hannu ya kai shi ba.

Saboda haka idan zurfin bututu bai wuce mita 1.2 ba, wato kimanin ƙafa 4, cemba mai faɗin milimita 450 ta wadatar, kuma duk aikinta daga sama ake yi. Idan zurfin ya wuce haka amma bututun ƙarami ne, na inci 4 ko 6, ƙa'idar gine-gine ta Ingila tana da dabarar da nake ganin ya kamata maginanmu su ɗauka: a ƙuntata bakin cembar kada ya wuce milimita 350, kusan inci 14, yadda sanda da mesa za su wuce amma kafaɗun babban mutum ba za su wuce ba. Ramin da ya fi kowanne muni shi ne na tsaka-tsaki, wanda bakinsa ya isa mutum ya matsa ya shiga amma bai isa a jawo shi ba idan ya suma. Ko dai a yi shi ƙarami har shiga ta gagara, ko a yi shi babba da cikakken tanadi. Baki mai inci 14 yana iya cin yaro ƙarami, don haka murfinsa ya zama mai ɗauri da kusoshi.

Tankin masai ma haka ne. A buɗe masa ƙofa a kan kowane ɗakin da ke cikinsa, ɗaya daidai kan bututun shiga, ɗaya daidai kan bututun fita, sannan a zaɓa masa wuri kusa da ƙofar gida inda motar kwashe masai za ta iya matsowa ta zura mesarta. A lungunan cikin birni, inda mota ba ta shiga, wannan batu ya fi nauyi, domin tankin da aka binne a can ƙuryar gida ya riga ya yanke hukuncin cewa wata rana da hannu za a yashe shi. Tsawon bututu tsakanin rami da rami kuma kada ya wuce abin da sandunan za su iya kaiwa. A ƙa'idar Ingila mita 45 ne tsakanin ƙananan cembobi, mita 90 tsakanin manyan ramuka.

Baki da cikin ramin da za a shiga

Inda bututu ya yi girma, ko rassa da yawa suka haɗu, ko akwai injin tura ruwa a ciki, shiga takan zama dole. A nan faɗin ciki kada ya gaza mita 1.2, wanda shi ne mafi ƙarancin da ƙa'idojin Birtaniya da na Amurka suka yarda da shi ga rami mai zurfi, domin mutum ya iya durƙusawa ya juya. Baki kuma kada ya gaza milimita 600, kuma abin nufi shi ne sararin da ya rage bayan an cire gefen firam da duk abin da ya leƙo cikinsa. Hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta Birtaniya ta ba da milimita 575 a matsayin mafi ƙanƙantar ƙofar da mai ceto ɗauke da tukunyar iska a baya zai iya bi, to idan an jingina tsani a baki mai milimita 600 an riga an cinye wannan sarari. Shi ya sa ga duk ramin da ya kai mita 3 na fi son a yi baki mai milimita 750, ko da kuɗin murfin zai ƙaru.

Wurin da bakin zai zauna yana da muhimmanci kamar faɗinsa. A sa shi a gefe ɗaya na rufin, ya daidaita da bango, kuma ya kasance a kan dakalin ciki, wato wurin tsayawa a ƙasan ramin, yadda igiyar da aka saki daga sama za ta sauka a miƙe har inda mutum yake tsayawa ba tare da ta taɓa bututu ko rodi ko gefen kankare ba. Wuyan ramin, wato bulon da ake ɗorawa tsakanin rufin kankare da murfi, a gajarta shi iyakar iyawa. Sau da yawa idan an ɗaga tsakar fili ko an sake shimfiɗa titi sai a yi ta ƙara bulo a kan wuyan har ya zama doguwar ƙuntatacciyar hanya, kuma a nan ne jikin sumammen mutum ke maƙalewa. Idan ƙarin ya yi yawa, gara a ɗaga rufin gaba ɗaya a ƙara tsawon bangon ramin.

Ƙasan ramin a yi masa hanyar ruwa mai siffar rabin bututu, mai santsi, wadda ke bin kwana a hankali, domin duk inda ruwa ya tsaya ko ya yi tsalle a nan iska mai guba ke fita. A gefenta a gina dakali mai ɗan gangare, kamar 1 cikin 12, yadda ƙazanta za ta koma hanya amma ƙafa ba za ta zame ba. Bututun da ya shigo daga sama da tazarar da ta kai milimita 600 kada a bar shi yana kwarara a kan mai aiki. A sauko da shi ta bayan bango ya shigo daidai ƙasa, a bar masa ƙofar zura sanda a sama. Idan bututun fita ya kai milimita 600 ko fiye, a tanadi ƙugiyoyi biyu da za a rataya sarƙa a bakinsa, don kada ruwa ya ja mutum ciki.

Batun matakala, inda aka fi yin kuskure

Abin da aka saba shi ne birkila ya lanƙwasa rodi mai milimita 12 ko 16 ya dasa a bango yana hawa, kuma idan an yi magana ya ce, "Ranka ya daɗe, ai haka muke yi tun da." Gaskiya ne haka ake yi, kuma a rijiya ko tankin ruwan sha yakan daɗe. A ramin ƙazanta labarin dabam ne. Iskar haidurojin salfaid tana narkewa a cikin laimar da ke jikin bango sama da ruwa, wasu ƙwayoyin halitta su mayar da ita asid irin na ruwan batir, wanda ke cin siminti da ƙarfe baki ɗaya. Wani masani mai suna C. D. Parker ne ya bayyana wannan a 1945 daga binciken bututun birnin Melbon na Ostireliya. Cin ya fi tsanani daidai inda rodin ya shiga bango, wurin da ido ba ya gani daga sama, saboda haka mai leƙawa da tocila kallon kitse yake yi wa rogo. Na taɓa tsayawa a kan wani rami a bayan ɗakunan kwanan wata makaranta a nan Zariya, matakalarsa bakwai a jere kamar ba abin da ya same su, da aka buga ta uku da guduma sai ta zube ƙasa kamar busasshen kara.

Ramin da ake shiga kowane wata ana lura da lalacewar matakalarsa a gyara. Wanda ake shiga sau ɗaya a shekara goma kuwa, mutumin da ya taka shi ne gwajin farko. Bayan haka matakala tana gayyatar shiga: duk wanda ya ɗaga murfi ya ga hanya a shirye ba zai tsaya neman na'urar gwada iska ko izini ba. Sannan tana kama tufafi da hannu da haɓar mutumin da ake ja sama. Waɗannan dalilai ne suka sa hukumomin ruwa da dama a Ostireliya da Amurka suka daina sa matakala a sababbin ramukansu, suka koma sauke ma'aikaci da igiya ko da tsanin da ake zuwa da shi.

Ra'ayina ga ramin da ba a cika buɗewa ba shi ne kada a dasa komai na takawa a cikinsa. A maimakon haka a kafa ƙugiyoyi biyu na ƙarfen da ba ya tsatsa a ƙarƙashin baki, inda hannu ke kaiwa daga sama a duba su, a riƙa rataya tsanin da ake ajiyewa a sito, wanda za a iya dubawa da rana tsaka kafin a yi amfani da shi, kuma za a iya zare shi idan ana son sararin ceto. Tsanin ya zarce baki da kimanin mita 1 don mai sauka ya sami abin riƙewa. Wanda zai ƙi wannan ra'ayi yana da hujja: a wurinmu tsanin sito yakan ɓace, kuma leburan da bai sami matakala ba zai iya sauka da igiyar guga. Hujjar tana da ƙarfi, kuma amsarta ita ce wannan tsari yana aiki ne a inda akwai sashen gyare-gyare mai riƙe da mabuɗin murfi da tsani da kayan ceto wuri ɗaya, kamar babbar makaranta ko asibiti. Inda babu irin wannan sashe, a koma baya a sake tsara ramin ya zama wanda ba a shiga.

Idan mai aikin ya dage sai an sa matakala, to a yi ta da abin da zai jure. Ƙarfen sitenles, wato wanda ba ya tsatsa, mai lamba 316 ya fi dacewa, ko tsanin faiba, ko matakalar ƙarfe da aka lulluɓe da roba mai kauri tun daga masana'anta. Ƙarfe mai rufin tutiya yana jinkirta tsatsa ne kawai, alminiyom kuma siminti yana cin sa a inda aka binne shi. A yi matakalar mai faɗin da zai ɗauki ƙafa biyu, da ɗan tudu a kowane gefe don hana zamewa, a jera su a layi ɗaya da tazara iri ɗaya ta milimita 250 zuwa 300. Ƙa'idar OSHA, hukumar kare lafiyar ma'aikata ta Amurka, ta ce tazarar kada ta wuce santimita 41, faɗin takawa kada ya gaza santimita 25, nisa daga bango kuma kada ya gaza santimita 11. Matakalar farko kada ta yi nisa da murfi fiye da milimita 675, don kada mutum ya riƙa lalube da ƙafa a cikin duhu. Zurfin da ya wuce mita 3 tsani yake so, ba matakalar bango ba, kuma idan ya wuce mita 6 a kan sa dandamalin hutawa. Sai dai dandamalin ya zama mai ƙofa da ke buɗewa daidai ƙarƙashin bakin sama, in ba haka ba ya datse hanyar igiya. Kejin zobe da ake sa wa tsanin tankin sama ba shi da wuri a nan, domin shi ma tarko ne ga wanda ake ja.

Murfi da abin da ke kewaye da shi

Murfi mai da'ira ba ya faɗawa cikin raminsa ta kowace fuska aka juya shi, mai kusurwa huɗu kuwa yana iya zamewa ta tsaye ya sauka a kan wanda ke ƙasa, don haka idan mai kusurwa ne a sa masa hinji da abin tokarewa. Ƙarfinsa ya dace da abin da zai bi ta kansa. Ma'aunin Turai mai lamba EN 124 ya kasa murafe aji-aji: A15 na wurin masu tafiya a ƙasa da keke, B125 na gefen titi da wurin ajiye ƙananan motoci, D400 na kan titi, wanda ake gwada shi da nauyin kusan tan 40. Duk inda motar kwashe masai ko tifar yashi za ta taka, ko da a cikin harabar gida ne, a ɗauke shi a matsayin titi.

Murfin ƙarfen zubi yana jan hankalin ɓarayin ƙarfe, kuma ramin da aka sace murfinsa ya zama haɗari ga yara da masu babur da dabbobi. Wannan ya sa mutane ke zuba katon falankin kankare a kai, wani lokaci har su shafe gefensa da siminti. A yi lissafi kafin a yi haka. Kankare mai faɗin mita 1 da tsawon mita 1 da kaurin santimita 10 ya kai kilo 240, kusan buhun siminti biyar, kuma ko mai santimita 70 ta kowane gefe da kaurin 7.5 ya kai kilo 88. Murfin da sai an fasa shi kafin a buɗe ba a ƙara mayar da shi daidai. Mafita ita ce murfin faiba mai aji da ya dace, wanda ba shi da daraja a wurin masu sayen ƙarfe, ko murfin ƙarfe mai hinji da makulli, ko kankare da aka raba gida biyu da maɗauka da suka nutse a jikinsa.

A kewaye da baki a zuba daɓen kankare shimfiɗaɗɗe, a bar fili aƙalla mita 1 ta kowane gefe, domin a nan ƙarfe mai ƙafa uku zai tsaya da wincinsa, wato na'urar naɗe igiya da hannu. Ƙa'idar OSHA ta 1993 ta wajabta irin wannan na'ura ga duk rami mai zurfin da ya wuce mita 1.5. Inda bango ya matse wurin, a dasa soket a cikin kankare da za a soka sandar ɗaga mutum mai hannu ɗaya. Kada a gina ɗaki ko shago ko matakalar bene a kan rami, kada kuma a dasa bishiya a gefensa. A filin da ba a daɓe ba a ɗaga bakin kamar santimita 15 sama da ƙasa, domin ruwan saman Zariya, wanda ke kai kimanin milimita 1,000 a shekara kuma ya fi ƙarfi a Agusta, yana kwaso yashi ya binne murfi cikin damina biyu ko uku, sannan ya cika bututu. A kafa ɗan ginshiƙi mai lamba kusa da kowane rami, a rubuta zurfinsa da gargaɗi da Hausa a boko da ajami, tunda da yawa daga masu wannan aiki sun fi karanta ajami.

Bututun fitar da iska mai inci 4 da ya zarce rufin gini, da raga a bakinsa, yana rage taruwar iska da cin siminti, amma ba ya mayar da rami wurin da za a shiga ba gwaji. Amfanin samun baki biyu, ko rami na gaba da na baya da za a iya buɗewa tare, shi ne iska ta sami mashiga da mafita a ranar aiki.

Abin da za a rubuta a jikin zane

Zanen da za a kai KASUPDA, hukumar tsara birane ta Jihar Kaduna, ko a miƙa wa mai gini ya ɗauki bayanin yadda aka yi nufin a shiga kowane rami, domin wanda zai buɗe shi bayan shekara goma ba zai san abin da ke zuciyar mai zane ba. A rubuta cewa mutum uku ne mafi ƙaranci, ɗaya a ciki, biyu a sama, kuma ɗaya daga na saman ba shi da wani aiki sai kallon na ciki da yi masa magana. A rufe banɗakunan da ke zuba cikin layin, a kashe injin tura ruwa a kulle makunninsa, kuma idan hadari ya haɗo a fito. A gwada iska da na'ura mai auna iri huɗu kafin kowa ya sa kai, a fara da oksijin, sai mai kama wuta, sai mai guba, ana zura ta a hankali daga sama zuwa tsakiya zuwa ƙasa; idan mai kama wuta ta kai kashi 10 cikin 100 na matakin da take tashi, ko haidurojin salfaid ta kai kashi 10 cikin miliyan, ba shiga. Na'urar ta ci gaba da zama a jikin mai aiki har ya fito, saboda iskar da taɓo ke saki idan an motsa shi. A hura iska da fanka ta mesa har ƙasan ramin tun kafin shiga har ƙarshen aiki, janareto da injin jan ruwa mai fetur kuma su tsaya nesa ta inda iska ba za ta kawo hayaƙinsu ba, domin wannan hayaƙi kaɗai yana kisa a rami. Mai shiga ya sa ɗamarar da ke kama kafaɗu da cinyoyi, igiyar winci a maƙale a bayansa tun daga sama. Igiyar da aka ɗaura a ƙugu tana naɗe mutum biyu ta hana shi wucewa ta baki. Ƙyallen rufe hanci ba ya tace wannan iska, shan madara ko manja kuma ba ya karya gubarta. Wanda ya shaƙa a fito da shi sarari, a kira 112 ko 'yan kwana-kwana, a kai shi asibiti ko da ya farfaɗo yana cewa lafiyarsa ƙalau, domin ruwa na iya taruwa a huhunsa bayan wasu sa'o'i.

Tsofaffin ramukan da aka riga aka gina ba sai an rushe su ba. A cikin rani a bi layin bututu a nemo kowane murfi, a tono waɗanda ƙasa ta binne, a buɗe daga sama ana tsaye ta ɓangaren da iskar waje ke busowa, a yi hattara da kunama da maciji da rina da kan fake a ƙarƙashin murfi, a auna zurfi da faɗin baki a rubuta a littafi. Wanda zurfinsa ya wuce mita 1.2 kuma bakinsa ya faɗa tsakanin milimita 350 da 600 a yanke shawara a kansa: ko a ƙuntata shi da sabon firam, ko a sauya rufin a faɗaɗa. Matakalar rodin da ta yi shekaru a ciki kuma a ɗauke ta a matsayin matacciya, a rubuta haka a jikin ginshiƙin, kuma a karon farko da aka shiga da cikakkun kayan aiki a yanke ta daidai bango da zarton hannu, ba da injin yanka mai tartsatsi ba, a toshe guraben da siminti.